Me ya sa masu hoto suka bar fim suka koma dijital, alhali ana cewa fim ya fi kyau?

Sabon_Hannu ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu na sana'a. Wata magana ce ta ɗaure mini kai. Duk inda tsofaffin masu hoto suka zauna sai ka ji ana yabon fim: kalarsa ta fi taushi, farar riga ba ta ƙonewa, nagatif ya shekara 40 a akwati a ɗauko shi a wanke ya fito. To in haka ne, me ya sa tsakanin 2000 da 2010 kusan kowa ya jingine kyamarar fim, har da masu yabon nata? Kyan hoto ne ya ja su, ko kuɗi, ko dole ce ta sa?

Sai ta biyu. Wanda yake da tsohuwar Pentax K1000 ko Nikon FM2 da lens biyu ko uku da filasha, me zai iya ɗauka ya tafi da shi dijital, me kuma zai bari a akwati? Don Allah a yi bayani da lissafi, kada a ce mini "zamani ne ya zo" kawai. Na gode.

Tsohon_Lab ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, fara ajiye batun kyau a gefe, domin yawancin masu hoto sun sauya sheƙa tun dijital ba ta kamo ƙafar fim ba. Nikon D1 da ta fito a 1999 megafiksel 2.7 ce, kuɗinta kuma ya haura dala 5,000. Rol ɗin ISO 100 mai kyau (ISO ita ce lambar saurin kama haske) a cikin FM2 ya fi ta fitar da ƙananan zare da gashin ido, nesa ba kusa ba. Duk da haka aka yi ta saye. Abin da ya ja mutane shi ne yadda kuɗi ke zurarewa, da yadda aiki ke lalacewa mai shi bai sani ba.

A fim, kowace latsawa kuɗi ce. Rol ɗin 35mm ɗauka 24 ne ko 36. Fim na 120 ɗauka 12 yake bayarwa a 6x6, 10 a 6x7. Ka sayi rol, ka biya wankin nagatif, ka biya kati, ka biya mota zuwa lab da dawowa. Cikin 36 ɗin nan akwai wanda aka ƙifta ido, akwai wanda yaro ya gitta, akwai wanda filasha ba ta gama caji ba aka latsa. Duk ka biya kuɗinsu, kuma babu mai saye. Mu ɗauka, don lissafi kawai, rol ɗaya da wankinsa da katinsa dala 10 ne. Canon EOS 300D ta fito a 2003 a ƙasa da dala 1,000 har da lens ɗinta. Kenan kuɗin rol 100. Situdiyon da ke cin rol 5 a mako ya mayar da kuɗin kyamarar cikin mako 20, kuma daga nan ba ya wanke kati sai wanda mai shi ya nuna da yatsa ya ce wannan nake so. Ko ka ninka lissafin sau biyu saboda kwamfuta da memori, bai kai shekara ba.

Amma ni a ganina fargaba ta fi kuɗi korar mutane. Duba hanyoyin da rol guda ke tafiya a banza. Harshen fim bai kama sandar naɗi ba, kana ta jan hannu lamba tana ƙirgawa, fim yana kwance a gwangwaninsa. Alamar ita ce ƙugiyar mayarwa ta hagu ba ta juyawa lokacin da kake ja, kuma a tsakiyar hayaniyar ɗaurin aure ba kowa ke duba ta ba. Ko a buɗe bayan kyamara ba a mayar da fim ba, haske ya ƙone ɗauka biyar ko shida na ƙarshe. Ko shota ta goce daga gudun filasha: K1000 iyakarta 1/60 na daƙiƙa, FM2 ta farko 1/200, wadda ta biyo ta 1/250. In ta haura haka, wani sashe na kowane hoto zai fito baƙi ƙirin, daga na farko har na 36. Ko ka sa fim ISO 100 ka bar ma'aunin haske a 400, duk rol ɗin ya rasa haske mataki biyu, wato rubu'in hasken da yake buƙata kawai ya samu. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da za ka gani sai gobe ko jibi a kantar lab, an riga an kai amarya. A dijital kuskuren iri ɗaya ne, sai dai a hoton farko za ka gan shi a allon baya ka gyara.

Sai lab ɗin kansa, wanda mutane ba su cika lissafawa ba. Wankin nagatif mai kala, tsarin C-41, yana son dibelofa, maganin da ke fito da hoto, a digiri 37.8, minti 3 da daƙiƙa 15, kuma sassaucin zafin bai kai rubu'in digiri ba. Fim mai kala shimfiɗa uku ne a kan juna, kowacce da saurin da magani ke ratsa ta. In zafi ko lokaci ya goce, ba su nuna tare, sai ka ga inuwa ta yi kore wurin haske ya yi ja-ja. Wannan ba ya gyaruwa a injin kati, domin in ka cire koren jan ya ƙaru. In wuta ta ɗauke fim yana cikin dibelofa, kafin a ta da janareto ya wuce lokacinsa.

Kuma injin yana rayuwa ne da yawan aiki. Kowane rol da ya wuce, injin yana zuba sabon magani kaɗan ya ture tsoho. In aiki ya yi ƙasa, maganin ya zauna a tanki yana shan iska da zafi har ya mutu. To da rabin masu hoto suka koma dijital, rol ɗin da ke shiga lab ya ragu, wanki ya lalace, waɗanda suka rage suka ga kala ta canza su ma suka tafi, lab ya kashe injin nagatif ya bar na kati. Da yawa ba su bar fim don sun ƙi shi ba. Wurin wanki ne ya ƙare a garinsu.

Ga zafi kuma. Kodak na cewa a ajiye fim ɗin ƙwararru a digiri 13 ko ƙasa. Sakkwato da Maiduguri da Agadas suna haura 40 a watan Afrilu. Rol ɗin da ya yi wata uku a rumfar kwano ya riga ya yi hazo tun ba a sa shi a kyamara ba. Wanda ya ajiye a firji kuma ya bar shi awa ɗaya a gwangwaninsa a rufe kafin ya buɗe, in ba haka ba raɓa ta kwanta a kansa.

Daga sama ma igiyar tsinkewa take yi. AgfaPhoto ta durƙushe a 2005. A 2006 Konica Minolta ta fita daga sana'ar kyamara da fim, Nikon kuma ta ce ta daina yawancin kyamarorin fim, ta bar F6 da FM10. Polaroid ta sanar da daina fim ɗinta na nan-take a 2008, fim ɗin Kodachrome na Kodak ya ƙare a 2009, Kodak kanta ta nemi kariyar kotu daga masu bin ta bashi a Janairun 2012.

Ɗan_Jarida ya amsa:

Baba Tsohon_Lab ya gama magana kan situdiyo. Bari in ƙara ɓangaren 'yan jarida, don su ne suka fara tsallakawa, kuma dalilinsu agogo ne.

A 1994 Kodak da kamfanin dillancin labarai na AP suka fitar da NC2000, megafiksel 1.3, a kan sama da dala 17,000. Ka ce hauka ne. To yi lissafi. Takardar jarida tana shan tawada, ba ta riƙe ɗigo mai laushi, fiksel kamar 170 a inci ya ishe ta. Hoton da faɗinsa ya kusa fiksel 1,300, in ka raba da 170, ya ba ka inci 7 da ɗoriya. Ya cika rabin faɗin shafi. A fim kuwa, mai ɗaukar wasan ƙwallo sai ya bar fili tun ba a tashi ba, ya wanke, ya busar, ya zaɓa, ya yi sikanin, sannan ya aika. Wanda ya riga shi aikawa shi ake bugawa, ko da nasa ya fi kyau.

Abu biyu kuma da fim ba zai taɓa yi ba. Na ɗaya, ISO a fim na rol ne gaba ɗaya. Ka fito daga rana ka shiga zauren taro da ISO 100 a ciki, sai dai ka naɗe rol ɗin da saura ko ka rataya kyamara ta biyu. Shi ya sa kake ganin tsofaffin 'yan jarida da kyamara biyu ko uku a wuya. Na biyu, launin haske. Fim ɗin rana an daidaita shi a kan kelbin 5,500, ƙwan fitila mai zare kuwa wajen 3,200 yake ko ƙasa, sai hoto ya fito ruwan lemo. Maganinsa gilashin 80A da ake ɗaura wa lens, shi kuma yana cinye haske mataki biyu, a ɗakin da dama hasken bai isa ba. Dogon ƙwai yana ba da kore, shi ma da nasa gilashin. A dijital duka biyun maɓalli ne.

Masu taurin kai na ƙarshe kyamara uku suka karya su. Canon 5D ta 2005, megafiksel 12.8, sensarta, wato farantin da ke kama hoto a madadin fim, daidai girman fim, 24 da 36 na milimita. Nikon D3 ta 2007, wadda ISO 6,400 ɗinta ya fi fim ɗin 1,600 tsabta. Sai 5D Mark II ta 2008 da ta haɗa da bidiyo mai kyau, mai hoto ya samu sana'a ta biyu a jaka ɗaya.

A wajenmu kuma akwai turi daga masu kawo aiki. Da rajistar jarrabawa da neman biza da neman aiki suka koma intanet, wanda ya zo ɗaukar fasfo ba kati kaɗai yake so ba, yana son a tura masa fayil. Mai fim sai ya wanke sannan ya yi sikanin. Mai dijital minti biyar ya sallame shi.

Abin dariyar shi ne, a cikin Kodak aka ƙera ta farkon. Injiniyansu Steven Sasson ya haɗa ta a 1975, nauyinta kilo 3.6, fiksel 100 sau 100, kuma daƙiƙa 23 take yi kafin ta rubuta hoto ɗaya a kaset.

Hajiya_Albam ta amsa:

Ƙanena Sabon_Hannu, kada su sa ka ɗauka tsofaffin nan son zuciya ne kawai. Maganar farar riga gaskiya ce, kuma ga dalilinta.

Nagatif mai kala yana jure wuce gona da iri a haske. Ka ba shi ƙarin mataki biyu, wani ma uku, har yanzu aikin zaren babbar riga yana ciki, mai injin kati ya janyo shi. Rashin haske ne ba ya jurewa, mataki ɗaya ƙasa inuwa ta fara yin toka-toka. Sensa akasin haka take. Kowane fiksel kamar kofi ne, in ya cika ya cika. A JPEG lamba daga 0 take zuwa 255, duk wurin da ya kai 255 fari ne fat, babu saƙa babu zare, kuma ba manhajar da za ta dawo da abin da ba a rubuta ba. Kyamarorin farko sun fi muni a nan. Yanzu ka kawo aikinmu: ango baƙi, shadda fara sol mai sheƙi, ƙarfe biyu na rana a ƙofar masallaci. Babu jarrabawar da ta fi wannan wuya ga sensa.

Yadda ake fita: kada ka bar wa kyamara zaɓi. Ma'auninta yana ɗauka duk abin da ya gani toka-toka ne matsakaici. In riga ta cika hoton sai ta rage haske, fuska ta nutse. In baƙin zaure ne a baya sai ta ƙara, riga ta ƙone. Koma M, wato inda kai ke saita komai da hannu. A rana tsaka fara da ISO 100, ƙofar lens f/16, gudun shota 1/125, ko f/11 da 1/200 in filasharka ta yarda da wannan gudun. Kunna alamar da ke ƙyaftawa a inda fari ya ƙone, ka rage har ta daina ƙyaftawa a kan riga, ban da ɗan sheƙin da ba makawa. Sannan ka cike fuska da filasha, a rage ta mataki ɗaya don kada goshi ya yi maiƙo. Ɗauki RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta sarrafa ba: mai bit 12 matakai 4,096 ne, mai bit 14 kuma 16,384, saboda haka in ka ɗaga inuwa ba ta yayyagewa. In da hali ma ka ja mutane inuwar bango, ya fi duk wannan sauƙi.

Amma in za a faɗi gaskiya duka, fim ma bai yi wa baƙar fata adalci ba. Shekaru da yawa katin gwajin da Kodak ke aika wa lab don daidaita kala, wanda ake kira Shirley, hoton farar mace ne. Injin da aka saita a kansa, in ya ga ango da farar riga, yakan bi riga ya bar fuska, sai in mai injin ya sa hannu. Kuma hukuncin nasa ne, ba naka ba. Dijital ta dawo da wannan hukunci hannun mai hoto. Wannan dalili ne babba da ba a cika faɗa ba.

Sai dai hukuncin da aikinsa yake zuwa. Da, in ka miƙa rol biyar ka tafi gida ka kwanta. Yanzu kamu da walima da dina sai a dawo da hoto 1,500. Ko daƙiƙa 5 ka ba kowanne wajen zaɓe, sama da awa biyu ke nan, ba a fara gyara ba. Kuɗin da ba ka ba lab ba, da idonka da bayanka da man janareto ka biya shi. Wanda bai sa wannan lokaci a farashinsa ba kyauta yake aiki.

Ajiya kuma ita ce inda fim ya fi har gobe. Nagatif ka ɗaga shi a taga ka ga abin da ke ciki. Diski kuwa yau lafiya gobe ƙas-ƙas. Kwafi uku ake yi: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a diskin waje, ɗaya a wani gini daban ko a intanet. Kada a goge memori sai an buɗe hotunan daga kwafi na biyu an ga suna buɗuwa. Kuma a wanke wa mutane albam, domin fayil ɗin da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi, ba zai yi babban firam ba. In za a tura na asali, a tura shi a matsayin takarda.

Bakaniken_Kyamara ya amsa:

Ni tambaya ta biyu zan taɓa.

Lens na tafiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin shi ne tazarar da ke tsakanin bakin kyamara da sensa. Nikon F milimita 46.5, Pentax K da M42 mai zare 45.46, Canon EF 44, tsohon Canon FD 42, Sony E 18. Ƙa'idar: lens mai doguwar tazara yana hawa jiki mai gajeriya da zobe kawai. Akasin haka ba ya kama nesa sai da zobe mai gilashi, wanda ke ɓata hoto. Shi ya sa lens ɗin Canon AE-1, mai bakin FD, ba ya yi a EOS mai bakin EF, na Pentax ba ya yi a Nikon, amma dukkansu suna hawa kyamara marar madubi.

Na K1000 yana shiga kowace Pentax ta dijital mai bakin K kai tsaye. Sai ka shiga menu ka ba da izinin amfani da zoben lens, ka koma M, ka latsa koren maɓalli ta auna. Na FM2, wato AI da AI-S, suna shiga Nikon ta dijital, amma ba kowacce ke auna haske da su ba. D200, D300, D700 da D7000 suna yi. D40, D70, D90 da jerin D3000 ba sa yi, sai ka ƙiyasta ka duba allo. Lens ɗin Nikon na kafin 1977 da ba a yi masa yankan AI ba kada ka tursasa shi, yana karya ɗan harshen da ke gefen baki.

Ka kuma san sensar yawancin kyamarori masu araha ta fi fim ƙanƙanta. A Nikon da Pentax ninka da 1.5, a Canon da 1.6. Lens mai milimita 50 zai yi maka kamar 75 ko 80, ya yi daidai da hoton fuska da fasfo. Amma 28 ɗin da kake tara dangi da shi a tsakar gida ya koma 42, bango zai tare ka kafin kowa ya shiga. Kana buƙatar 18 don ka dawo inda kake.

Filasha ce mai kisa. Wasu tsofaffi, musamman Vivitar 283 na farko, suna da wutar da ta haura bolt 200 a ƙafarsu. K1000 ƙarfe ne ke haɗa wutar, ba ruwanta. Wasu Canon na farkon dijital kuwa bolt 6 aka ƙayyade musu. Auna kafin ka ɗora: sa mita a DC, kunna filasha ta cika, jan waya a kan tsinin tsakiya, baƙa a kan ƙarfen gefen ƙafa. In lambar ta haura abin da littafin kyamararka ya yarda, sa na'urar tayarwa ta rediyo mai jure wannan wuta, ko ka bar ta a gefe tana tashi da hasken wata. Ko wadda wutarta ba ta da yawa, irin Nikon SB-28, ba za ta yi TTL ba, wato auna hasken filasha ta cikin lens, domin tsohon tsarin yana auna hasken da ya dawo daga fuskar fim, sensa kuwa ba haka take mayar da haske ba. A, inda filashar ke auna haske da kanta, da M suna aiki lafiya.

Ƙura sabon ciwo ce. A fim kowace ɗauka sabon fili ne, ƙura ta tafi da rol. Sensa tana nan, ɗigo ɗaya zai fito a hoto dubu a wuri guda. Lokacin hunturu kada ka canza lens a fili. In dole ne, kashe kyamara, bakinta ƙasa. Gwaji: f/22, farin bango, ka karkaɗa hannu kaɗan lokacin ɗauka, duk abin da ya fito da kaifi a kan sensa yake. Fara da famfon roba na hannu, batir a cike don kada shota ta rufe a kan bakinsa. Ban da hura baki, ban da iskar gwangwani, ban da auduga ta kunne.

In ta hannu za ka saya, duba adadin latsawar shotarta. D90 an gwada shotarta a kan 100,000, 5D Mark II 150,000, D3 300,000. Memori kuma ka dubi shekarun kyamarar: SD na asali iyakarsa giga 2, SDHC 4 zuwa 32, SDXC daga 64. D50 ba ta karanta abin da ya wuce giga 2. Jabun memori ya yi yawa, yana nuna 64 alhali cikinsa 8 ne, in ya cika sai ya riƙa taka na farko. Gwada shi da manhajar H2testw kafin ka kai shi biki, kuma a cikin kyamara ake yi masa fomat, ba a kwamfuta ba.

Sabon_Hannu ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Saura biyu. Megafiksel nawa ya isa aikin kati da firam? Kuma wanda yake son ya riƙa taɓa fim don koyo, ba lab a kusa, akwai hanya?

Tsohon_Lab ya amsa:

Amin. Ninka inci da 300. Kati 4x6 fiksel 1,200 ne sau 1,800, megafiksel 2.2. Na 5x7 ya ɗan haura 3, na 8x10 kuma 7.2. Fasfo mai milimita 35 da 45 bai wuce 413 sau 531 ba. Babban firam na bango daga nesa ake kallonsa, 150 a inci ya ishe shi, kenan 20x30 yana son megafiksel 13.5. Duk kyamarar da ta kai 14 zuwa 24 ta gama maka. Kuɗin da ya rage ka sa a lens da haske.

Kula da siffa. Kyamara 3 da 2 take ɗauka, daidai da 4x6. Na 8x10 kuwa 5 da 4 ne, zai yanke kusan kashi ɗaya cikin shida na tsawon hoton, saboda haka bar fili a saman hula da gefen mutanen ƙarshe. Ka kai wa lab fayil a tsarin kala na sRGB, in ka kai Adobe RGB jan leshi zai fito a kwance. A ɗakin taro mai dogon ƙwai ko wasu fitilun LED, wutar Najeriya da Nijar 50 take bugawa a daƙiƙa, sai ka tsaya a 1/50 ko 1/100, in ba haka ba kala za ta riƙa canzawa daga hoto zuwa hoto. Kuma katin da Fuji Frontier ko Noritsu mai magani ke fitarwa har yanzu takardar hoto ce ta tsarin RA-4, leza ce kawai ta maye gurbin nagatif. Yana kuma jure ruwa.

Fim a gida kuwa, kama baƙi-da-fari, ka bar mai kala tukuna. Kana buƙatar jakar duhu, tankin Paterson, ma'aunin zafi da agogo. Rol ɗaya na 35mm yana son ruwa mililita 290, ka haɗa 300: dibelofar ID-11 150, ruwa 150. Fim ɗin Ilford HP5 Plus a wannan haɗin minti 13 ne a digiri 20. Juya tanki sau huɗu a farkon kowane minti, ka ɗan buga gindinsa a tebur don kumfa ta saki. Zubar, ɗauraye, sa fiksa, maganin da ke zaunar da hoto, kashi 1 cikin ruwa 4 na minti 5. Wankin ƙarshe: cika tanki ka juya sau 5 ka zubar, sannan sau 10, sannan sau 20.

Matsalar ita ce ruwan famfonmu da bazara yana haura digiri 30. Sa kwalaben a roba mai ruwan ƙanƙara har su sauko. In 20 ta gagara, tsaya a 24 ka rage zuwa kusan minti 9, amma kada lokacin dibelofa ya taɓa sauka ƙasa da minti 5, yana fitowa dabbare-dabbare. Dukkan ruwan, har na ɗauraya, kada bambancinsu ya wuce digiri 5, in ba haka ba fuskar fim tana tsattsagewa kamar ƙasar fadama da rani. Shanya shi a banɗaki, ka fara watsa ruwan zafi tururi ya kwantar da ƙura, ka maƙala abin shanya biyu a ƙasansa don kada ya naɗe, ka rufe ƙofa awa biyu kada kowa ya shiga.